Gajimare Mai Zubo da Haruffa: Yadda Za a Koya wa Yaro Harhaɗa Sunansa

Yaro ɗan shekara huɗu yakan iya zaro littafinsa daga cikin tarin littattafan 'yan ajinsu ya ce ga nasa, amma idan aka rufe bangon aka tambaye shi harafin da ke bin na farko a sunansa, sai ya tsaya yana kallon mai tambaya. Abin da ya riƙe shi ne siffar sunan dungurungum, kamar yadda ya riƙe siffar ƙofar gidansu. Bai kai ga fahimtar cewa sunan guntaye ne da aka jera ɗaya bayan ɗaya ba, balle ya san cewa idan aka sauya wa guntayen wuri sunan ya tashi daga nasa. Aikin hannun da zan bayyana a nan an tsara shi ne domin cike wannan giɓi. Gajimare ne na kwali da auduga, da ɗigogin ruwan sama rataye a ƙarƙashinsa, kowane ɗigo ɗauke da harafi guda na sunan yaron, kuma yaron ne da kansa zai riƙa cire su yana mayarwa har jerin ya zauna masa a ka. Ya dace da yara daga shekara 3 zuwa 6, a aji ko a tsakar gida, kuma yawancin kayan da yake buƙata akwai su a kowane gida.

Ruwan sama ya dace da wannan aiki fiye da kowane abu na sararin sama, domin yaro ya san shi da jikinsa. Ya ga hadari yana haɗowa daga gabas, ya ji iskar da ke riga ruwa isowa tana kwashe shanya, ya ga manya suna gudun kai kaya ɗaki, kuma ya taɓa miƙa tafin hannunsa ƙarƙashin indararo. Ya san cewa ruwa ɗigo-ɗigo yake saukowa, kowane ɗigo daban, amma duk daga gajimare ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da ake so ya gane game da sunansa: haruffa daban-daban ne, amma suna guda suke bayarwa. Ga shi kuma Bahaushe ya daɗe da haɗa suna da yanayi, shi ya sa ake samun Anaruwa da Marka da Nomau a cikin sunayen gargajiya, waɗanda ake laƙaba wa yaro gwargwadon lokacin da ya zo duniya.

Kafin a taɓa almakashi

Abu na farko, wanda mutane da yawa ke tsallakewa, shi ne a tsayar da yadda ake rubuta sunan. Suna ɗaya yakan zo da rubutu uku ko huɗu: A'isha da Aisha da Aishatu, Hadiza da Khadija, Muhammad da Muhammadu da Mohammed, Usman da Usmanu. A Jamhuriyar Nijar, inda takardun hukuma ke bin rubutun Faransanci, Musa yakan zama Moussa, Usman ya zama Ousmane. Malamar aji kada ta zaɓa wa yaro wanda ya fi burge ta. Ta tambayi iyaye, in da hali ta ga takardar haihuwa, wadda a Nijeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ta kwafi abin da ke ciki harafi bayan harafi. Rubutun da yaro ya fara koya shi yake bin sa, kuma duk wanda ya taɓa wahalar gyaran suna tsakanin takardar jarrabawa da katin shaidar ɗan ƙasa ya san cewa harafi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma batun sunan da ake kiran yaro da shi a gida. A gidajenmu yaron da ya ci sunan kakansa ba a cika kiran sa da sunan yanka ba, sai dai Abba ko Baba ko Halifa, yarinya kuma Ummi ko Mama ko Walida, ɗan fari kuwa uwarsa takan yi alkunyar sunansa baki ɗaya. Saboda haka yaro na iya kai wa shekara huɗu bai san cewa shi ne Abubakar ɗin da ke cikin rajista ba. Ra'ayina a nan shi ne a fara da sunan da yake amsawa idan an kira shi, domin shi yake ji a matsayin nasa, kuma galibi gajere ne. Idan ya ƙware a kan Abba, sai a yi masa gajimare na biyu mai ɗigo takwas na Abubakar, a nuna masa cewa harafin farko na duka biyun ɗaya ne. Uwar da ke alkunya ba sai ta furta sunan ba. Yaya ko ƙanwar uba na iya zama da yaron lokacin da ake faɗin haruffan.

Abu na uku da za a yanke shawara a kansa shi ne haruffan da Hausa ta keɓanta da su. Sunaye irin su Ƙasimu da Ɗahiru da Ɗanladi suna farawa da haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930, kuma har yau mutane da yawa suna barin ƙugiyar idan suna rubutu da waya. A ɗigon yaro kada a bar ta, a ma fito da ita sosai, domin yatsansa ya bi ta ya san tana nan. Haruffan sh da ts kowannensu sauti ɗaya ne a Hausa, don haka na fi son a rubuta su a kan ɗigo ɗaya: Shamsu ya zama ɗigo biyar, ba shida ba, Tsahare kuma ɗigo shida. Idan yaro ya girma ya fara rubutu da fensir zai gane da kansa cewa alamomi biyu ne suka haɗu. Alamar ɗauri da ke cikin Sa'adatu da Rabi'u da Asma'u ita ma a ba ta ɗigonta, ɗan ƙarami. Yara kan kira shi yayyafi, kuma da zarar ya samu suna ba sa mantawa da shi.

Kayan aiki

Ana buƙatar kwali mai kauri, irin na taliya ko na sabulu da masu shago ke zubarwa, domin jikin gajimaren, da kuma kwali mai laushi, irin na kwalin shayi ko bangon tsohon littafin rubutu, domin ɗigogin. Sai auduga, ko ta kantin magani ko ta gona da aka cire wa gurya, da zare mai ɗan kauri kamar na saƙa, da almakashi, da salatif, da tsinken tsintsiya, da alƙalamin maka baƙi mai kaurin baki. Launin shuɗi ana iya samun sa daga bular wanki da aka jiƙa da ruwa kaɗan, ko daga alli mai launi na yara. Rawaya kuwa kurkum yana bayar da ita, ja kuma ruwan zoɓo mai kauri.

Game da abin liƙi, farin gam na kanti ya fi sauƙi, amma ba dole ba ne. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, yana kama auduga da takarda sosai. Haka nan idan aka dama fulawa cokali 2 a ruwa kofi 1 aka ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa har ta yi kauri kamar koko, aka bar ta ta huce, ta wadatar da aji guda, kuma ko yaro ya kai ta baki ba ta cutarwa. A yi ta a ranar da za a yi amfani da ita, domin tana tsami idan ta kwana biyu.

Yin gajimaren

Babba ne zai zana gajimaren ya yanke shi, domin kwali mai kauri ya fi ƙarfin hannun yaro da almakashinsa. Faɗinsa ya danganta da tsawon sunan. A ba kowane harafi wajen santimita 7, wato kusan faɗin tafin hannun yaron, sannan a ƙara kaɗan a kowane gefe. Ke nan gajimaren Musa zai kai kimanin santimita 30, na Bilkisu kuwa ya haura 50. Saman gajimaren a yi shi tudu-tudu, amma ƙasansa a bar shi a miƙe, saboda a nan za a huda ramukan zare, kuma a nan za a rubuta sunan cikakke a kan wani ɗan fili mai tsayin yatsu uku da ba za a liƙa wa auduga ba. Wannan rubutu shi ne abin koyi da yaro zai riƙa dubawa a farkon lamari.

Daga nan aiki ya koma hannun yaro. A ba shi auduga ya yayyage ta da kansa, ya shafa gam a kwalin da yatsa ko da ɗan tsumma, ya liƙa. Za a ga wani ya tara ta wuri ɗaya kamar tulin hatsi, wani ya bar rabin kwalin tsirara. A bar su haka, kada babba ya bi baya yana gyarawa, domin gajimaren da babba ya daidaita ya daina zama na yaron, alhali duk amfanin aikin ya rataya ne a kan yaro ya ɗauke shi nasa. Yagar auduga da dannata suna kuma ƙarfafa yatsun da zai riƙe fensir da su nan gaba. Wanda yake son hadari maimakon farin gajimare, a daka masa ɗan gawayi ya barbaɗa a ƙasan audugar, a yi masa bayanin cewa gajimaren da ya ɗauko ruwa da yawa yakan yi duhu daga ƙasa, saboda kaurinsa yana tare hasken rana.

Akwai ƙari ɗaya da nake ganin bai kamata a bar shi ba. A yanke rabin da'ira, yaro ya shafa mata rawaya, a liƙa ta tana leƙowa daga bayan gajimaren a kusurwar hagu ta sama. Wannan rana ba ado ba ce kawai, alama ce ta inda ake farawa. Da yawa daga cikin yaranmu suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda ake karatu daga dama zuwa hagu, sannan su zo boko a ce musu daga hagu zuwa dama. Yaron da ya jera sunansa ta baya ba kuskuren hankali ya yi ba, ƙa'idar wani rubutun ya bi a inda ba nata ba. Maimakon a yi ta ce masa hagu, kalmar da ƙila bai gama rarrabewa da dama ba, sai a ce masa: “Daga wajen rana ake farawa.” Wannan jimla ɗaya takan isa.

Ɗigogin da haruffansu

A yanke ɗigogin daidai da juna, kowanne kimanin santimita 6 a faɗi da 8 a tsayi, mai tsini a sama da kumburi a ƙasa. Ya fi sauƙi a yanke guda ɗaya a riƙa ɗora shi ana zagayawa da fensir. Yaro ɗan shekara biyar ko shida zai iya yankan nasa da almakashi marar tsini idan kwalin mai laushi ne, kuma ko sun fito a karkace ba laifi. Reza kam kada ta kusanci wurin. A bar yaro ya shafa musu shuɗi, a shanya su su bushe sarai kafin a yi rubutu, in ba haka ba tawadar za ta malale harafin ya dagule.

Babba ne zai rubuta haruffan, manya-manya, su cika tsakiyar ɗigon. Harafin farko ya zama babba, sauran ƙanana, kamar yadda yaron zai ga sunansa a littafi da kuma yadda za a buƙaci ya rubuta shi a firamare. Na san akwai masu fara wa yara da manyan haruffa zalla saboda sun fi sauƙin zanawa, amma a nan ba zane ake koyarwa ba, jeri ake koyarwa, kuma babban harafi guda a gaba yana taimaka wa yaro ya san shugaban jerin. A yi amfani da siffar a da ta g irin ta rubutun hannu mai sauƙi, a kuma tabbata siffar da ke kan ɗigon ita ce a kan gajimaren, domin ƙaramin bambanci da babba ba ya lura da shi yakan sa yaro ya ce ba harafinsa ba ne.

Hausa tana da wani sauƙi da ya kamata a ci moriyarsa. Wasulanta biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali a bayansa. Idan aka yi ɗigogin wasula da shuɗi mai haske, na baƙaƙe da shuɗi mai duhu, sunan kamar Halima ko Rakiya zai fito duhu, haske, duhu, haske har ƙarshe, yaro ya ga tsarin da idonsa tun kafin a gaya masa kalmar baƙi ko wasali. Ranar da ya fara karatun ba, be, bi, bo, bu zai tarar da abin da ya riga ya sani. A bayan kowane ɗigo kuma a ɗiga ɗige-ɗige gwargwadon matsayinsa, ɗaya ga na farko, biyu ga na biyu, domin yaro ya iya juyawa ya duba aikinsa ba tare da ya jira babba ba.

Ratayewa, da dalilin da ya sa ba a liƙewa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan na yi kuskure a karon farko da na gwada shi da yaran ajina. Na ɗaure kowane ɗigo a zarensa da ƙulli biyu, na bi da gam, na kuma bambanta tsawon zarurrukan, wani dogo wani gajere, domin ya yi kama da ruwa mai sauka. Ajin ya yi kyau ƙwarai, iyaye suka yaba. Bayan mako biyu na kira wata yarinya na ce ta karanta mini haruffan sunanta, sai ta fara daga ɗigon da ya fi kusa da hannunta, wanda yake can ƙasa, ta haura zuwa na sama. Ta bi tsawon zare ne, ba ta bi jerin suna ba, kuma laifina ne, domin na ba ta abin kallo maimakon abin aiki. Tun daga ranar na sauya abubuwa biyu: zarurruka duka tsawonsu ɗaya, ɗigogi kuma masu ciruwa.

Ga yadda ake yi. A huda ramuka a miƙaƙƙen gefen gajimaren, rami ɗaya ƙarƙashin kowane harafi na sunan da aka rubuta a kai. A zura zare a kowanne a ɗaure, a bar kimanin santimita 12 yana lilo, kada ya wuce haka, domin dogon zare yana harɗewa kuma bai dace a bar shi kusa da wuyan ƙaramin yaro ba. A ƙarshen kowane zare a ɗaure guntun tsinken tsintsiya mai tsawon santimita 3 ta tsakiyarsa, bayan an dakushe bakinsa biyu. A saman kowane ɗigo a liƙa salatif gaba da baya, sannan a huda rami mai ɗan faɗi ta cikinsa, salatif ɗin shi zai hana ramin yagewa. Yaro zai miƙar da tsinken ya zura shi ta ramin, ya sake shi ya gicciye, ɗigon ya rataya kamar yadda maɓalli ke kama riga. Cirewa ma haka. Ga ɗan shekara uku da yatsunsa ba su kai ga wannan ba, a ɗaure abin maƙale shanya a bakin zaren ya riƙa matsawa yana kama ɗigon, ko kuma a ajiye gajimaren a tabarma ya jera ɗigogin a ƙasansa kawai. Inda akwai jariri mai rarrafe a gidan, a kula da tsinkayen da ƙananan ɗigogi, domin komai bakinsa yake kaiwa.

Yadda ake wasa da shi

Gama gajimaren ba shi ne gama aikin ba, farkonsa ne. A kwanakin farko a cire ɗigogin duka a zube su a gaban yaro, a ce masa ruwa ya zuba, ya mayar da shi sama. Zai ɗauki ɗigo ya duba rubutun da ke jikin gajimaren ya nemi mai kama da shi. A wannan mataki daidaita siffa da siffa kawai yake yi, kuma hakan ya isa. Babba ya zauna gefensa, ba gabansa ba, domin su ga haruffan ta fuska ɗaya, yana furta sautin kowane harafi yayin da yaron ya ɗauka. Idan an gama ratayewa, a kama yatsan yaron a bi jerin daga wajen rana, a karanta gaɓa-gaɓa ana tafi, A-mi-na, Bil-ki-su, sannan a faɗi sunan gaba ɗaya. Minti goma a rana ya fi awa guda a mako, kuma a tsaya tun yaro bai gaji ba.

Idan ya fara yi ba tare da jinkiri ba, sai a rufe rubutun jikin gajimaren da 'yar takarda, a ce hazo ya rufe shi. Yanzu daga ƙwaƙwalwarsa zai jera. A nan ne za a ga abin da ya riƙe da gaske: yawanci harafin farko da na ƙarshe suna zama daidai, na tsakiya su cakuɗe. Kada a yi saurin cewa ya yi kuskure. A karanta masa abin da ya jera kamar yadda yake, da murya a sarari. Yaron da ake kira Sani idan ya ji an karanta Sina zai yi dariya ya ce ba sunansa ba ne, sannan ya nemi inda matsalar take da kansa, ko ya juya ɗigogin ya ƙirga ɗige-ɗigen baya. Wannan lokaci da ya ji da kunnensa cewa sauya wuri yana sauya suna, shi ne abin da aka yi gajimaren dominsa.

Mataki na gaba shi ne a cusa baƙin ɗigo ɗaya ko biyu waɗanda ba na sunansa ba, ya tsamo su ya ajiye gefe. A aji ana iya haɗa yara biyu su cakuɗa ɗigoginsu su rarrabe. Tagwaye irin Hassan da Hussaini, ko Hassana da Hussaina, sukan daɗe a kan wannan suna gardamar wane s ne na wa, har su gane cewa harafi ɗaya na iya zama a sunaye da yawa. Sunaye masu maimaita harafi, kamar Sa'adatu mai a har uku, suna koyar da wani abin dabam, wato kowanne daga cikin ukun zai iya zama a gurbin ɗan'uwansa. Ga irin waɗannan sunaye a bar bayan harafin da aka maimaita babu ɗige-ɗige, don kada yaro ya zaci ya yi kuskure alhali daidai ya yi.

Dogayen sunaye suna buƙatar haƙuri. Abdurrahman harafi goma sha ɗaya ne, kuma zube su gaba ɗaya a gaban ɗan shekara huɗu zai karya masa gwiwa. A bar yawancinsu a rataye, a cire uku na farko kawai, idan ya iya su a ƙara uku. Haka kuma a sa ido a kan b da d, waɗanda yara ko'ina ke rikitawa har wajen shekara bakwai, a Hausa kuma ga ɓ da ɗ sun ƙaru sun zama huɗu. Siffar ɗigon tana taimakawa wajen hana juya harafi sama ya koma ƙasa, tun da tsinin kullum sama yake kallo, amma gane gefen da kumburin harafin yake fuskanta, dama ko hagu, sai yatsa ya yi ta bin harafin. Don haka bayan kowane zama a zuba rairayi a faifai ko a tire, yaro ya kwaikwayi harafi ɗaya da yatsa. Idan bahago ne a bar shi ya yi da hannun da ya fi masa sauƙi, jerin haruffan dai daga wajen rana zai fara kamar kowa.

Sauran yanayi

Idan damina ta wuce ba sai an ajiye dabarar ba. Bakan gizo launi bakwai ne, ja a can waje, shunayya a can ciki, saboda haka ya dace da sunaye masu harafi bakwai kamar Ibrahim da Hafsatu da Bilkisu: a rataya zirin takarda bakwai masu launi a ƙarƙashin gajimaren a madadin ɗigo, harafi ɗaya a kowane ziri. A bazara a yi rana mai fitowa, haruffan a kan tsirkiyoyin haskenta, amma rabin da'ira kawai, domin cikakkiyar da'ira ba ta da farko ba ta da ƙarshe kuma yaro zai rasa inda zai soma. Da hunturu kuwa akwai wanda yara suka fi so: babba ya rubuta sunan da farin kyandir a kan farar takarda ta yadda ba a ganin komai, yaro ya shafa ruwan zoɓo ko na bula da auduga daga hagu zuwa dama, haruffan su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya kamar gari yana fitowa daga hazo, saboda kakin kyandir ba ya shan ruwa. Kafin kowane harafi ya fito a tambaye shi wanda yake tsammani.

Yanayin da ake ciki yana shafar aikin kansa. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a ƙasar Hausa, iska tana da laima, gam na fulawa yakan kwana bai bushe ba kuma yana iya yin fumfuna, don haka a shafa shi siriri a kuma shanya gajimaren inda iska ke ratsawa. Da hunturu akasin haka ne, gam yana bushewa tun yaro bai gama yagar audugar ba, kwali mai laushi kuma yana nannaɗewa, saboda haka a riƙa shafa gam kaɗan-kaɗan, a danne ɗigogin ƙarƙashin littafi mai nauyi su kwana. Bula da zoɓo ba sa jure ruwa, kada a rataye gajimaren kusa da taga a damina.

Wurin ratayewa ya zama daidai tsayin idon yaron, ba na babba ba, inda hannunsa zai kai ba tare da ya taka kujera ba. A liƙa 'yar ambulan ko aljihun takarda a bayan gajimaren domin ajiye ɗigogin, kuma tun ranar farko a yanke ɗigo biyu ko uku na ƙari marasa rubutu a saka a ciki, domin babu makawa wata rana yaro zai zo yana cewa, “Malama, harafina ya ɓata.” Idan hakan ta faru, a miƙa masa ɗigo marar rubutu da alƙalami, a tambaye shi wane harafi ne babu, a bar shi ya gwada rubuta shi da hannunsa.